Shin Takun da Agogona Ke Ƙirgawa Yana Rage Makin Haɗarin Ciwon Zuciya?

Tambaya: Shekarata 54. Wata takwas ke nan ina ɗaura agogon zamani mai ƙirga taku da bugun zuciya, kuma da wuya rana ta faɗi ban yi taku 10,000 ba. Manhajar agogon ta ce ƙarfin jikina na ɗan shekara 45 ne. Amma da na je asibiti, likita ya yi lissafi ya ce haɗarin da nake ciki na samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara goma ya kai kashi 12 cikin 100, har ya kawo maganar maganin rage kitsen jini. Ko kallon agogon bai yi ba. Wanne zan gaskata?

Amsa: Malam, dukansu biyun suna iya zama gaskiya, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Maki iri uku ne ke yawo da sunan makin lafiya: wanda likita ke lissafawa, wanda manhajar agogo ke nunawa, da wanda kamfanonin inshora ke amfani da shi a wasu ƙasashe. Kowanne da abin da ake zuba masa, kuma a cikin ukun na likita ne ake ɗora shawarar magani a kai.

Asalin lissafin likita yana komawa ga binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948, inda aka ɗauki mutum 5,209 aka yi ta bibiyarsu shekara da shekaru ana rubuta wanda ya samu ciwon zuciya da wanda bai samu ba. Daga irin wannan bibiya ake fitar da ma'auni. Na ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka na 2013 yana neman shekaru, jinsi, launin fata, jimillar kolestarol (wani nau'in kitsen jini), kolestarol mai kyau da ake kira HDL, lambar sama ta awon jini, ko mutum na shan maganin hawan jini, ko yana da ciwon suga, ko yana shan taba. PREVENT da ya fito a 2023 ya cire launin fata ya shigo da aikin ƙoda. A Birtaniya QRISK3 ake amfani da shi, a Turai SCORE2. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fitar da jadawalinta a 2019 na yankuna 21, har da na Afirka ta Yamma, kuma akwai nau'in da ba ya buƙatar gwajin jini: shekaru, jinsi, taba, awon jini da nauyin jiki a kan tsawo. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ba za ka ga gurbin taku ba, ba za ka ga na barci ko na bugun zuciya ba.

Kashi 12 ɗin da aka faɗa maka yana nufin idan aka tara maza 100 masu shekarunka, masu awon jini da kolestarol irin naka, kimanin 12 za su samu toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara goma, 88 ba za su samu ba. A ma'aunin 2013, ƙasa da 5 ƙaramin haɗari ne, 5 zuwa 7.5 kan iyaka, 7.5 zuwa 20 matsakaici, 20 zuwa sama babba. Shekaru da jinsi su ne ke ɗaukar kaso mafi nauyi. Misalin da masu ma'aunin suka bayar da kansu ya nuna haka: ɗan shekara 55 da ba ya shan taba, ba shi da suga, awon jininsa 120, kolestarol 213, HDL 50, makinsa 5.3 ne idan farar fata ne, 6.1 idan baƙar fata ne, mace farar fata mai irin waɗannan lambobi kuwa 2.1. Tun da naka ya kai 12, akwai abin da ya ɗaga shi bayan shekaru, kuma tambayar farko da ya kamata ka yi wa likita ita ce: wace lamba ce a cikinsu ta fi ɗaga makin?

Dalilin barin motsa jiki a waje guda biyu ne. Na farko, lokacin da aka tara bayanan babu waɗannan na'urori, tambayar mutum ake yi, mutane kuwa suna ƙara wa kansu ba da niyyar ƙarya ba. Da aka ɗaura wa dubban Amurkawa na'urar auna motsi a binciken ƙasa na 2003 zuwa 2004, sai aka ga waɗanda ke cika minti 30 a rana ba su kai kashi 5 cikin 100 na manya ba, alhali a baki masu cewa suna yi sun ninka haka sau da yawa. Na biyu, wani ɓangare na amfanin motsa jiki ta cikin lambobin da aka riga aka sa yake bi. A nan takunka ke shiga lissafin likita, ta bayan fage. Tafiya da sauri a kai a kai tana sauke lambar sama ta awon jini da kamar 5 zuwa 8 ga mai hawan jini, 2 zuwa 4 ga wanda ba shi da shi. Kowane kilo ɗaya da ka zubar yana sauke kamar 1. Saukar 5 kuma tana rage haɗarin manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da yake, wato mai 12 ya koma kusa da 11. Ba yawa ba ne a takarda, kuma da alama 12 ɗin da ka gani ya riga ya ƙunshi ladan wata takwas ɗin da ka yi. Da ba ka yi ba, da ya fi haka.

Akwai ma'aunin da ke ƙirga motsa jiki kai tsaye. FINDRISC na ƙasar Finland, wanda ke hasashen ciwon suga, jimillar makinsa 26, yana ƙara 2 ga wanda ba ya motsa jiki minti 30 a rana. Amma namijin da ƙugunsa ya wuce santimita 102 yana ɗaukar 4, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da suga yana ɗaukar 5. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ma a 2022 ta fitar da ma'auni mai ginshiƙi takwas, kowanne daga 0 zuwa 100: abinci, motsa jiki, taba, barci, nauyi, kitsen jini, suga, awon jini. Minti 150 a mako yana ba da 100, barcin awa 7 zuwa ƙasa da 9 yana ba da 100, sai a raba jimilla gida takwas. Ginshiƙai biyu ne agogo zai iya cike maka. Wanda ya cika su amma awon jininsa 150 yana shan taba, ba zai ga 80 ɗin da ake kira lafiya mai kyau ba cikin sauƙi.

Duk da haka kada ka ɗauka takun banza ne don lissafi bai gan shi ba. A ganina wannan giɓi ne na gaske a ma'aunin. A 2019 an bibiyi mata 16,741 a Amurka, matsakaicin shekarunsu 72, aka ga masu taku kamar 4,400 a rana mace-macensu ya yi ƙasa da na masu 2,700 da kashi 41 cikin 100, amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike 15 ya nuna amfanin yana daidaita tsakanin 6,000 da 8,000 ga 'yan shekara 60 zuwa sama, 8,000 zuwa 10,000 ga waɗanda ba su kai ba. Lambar 10,000 kanta daga tallan wata na'urar ƙirga taku ta Japan mai suna Manpo-kei ta fito a 1965, ba daga asibiti ba. Sai dai a riƙa tuna cewa irin waɗannan bincike kallo ake yi, ba gwaji ba. Wanda ciwo ya fara ci a ɓoye yana rage tafiya tun kafin a gano ciwon, don haka wani ɓangare na bambancin ciwo ne ya hana taku, ba rashin taku ya kawo ciwo ba. Inda aka yi gwaji na sosai shi ne ciwon suga: a binciken 2002 na mutum 3,234 masu suga a kan iyaka, minti 150 a mako tare da zubar da kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki ya rage kamuwa da kashi 58, maganin metformin ya rage da 31.

Shekara 45 da manhajar ta ba ka yawanci daga ƙiyasin yawan oksijin da jikinka zai iya ƙonawa a iyakar ƙoƙari take fitowa, abin da ake rubutawa VO2 max. Wannan ma'auni ne mai daraja. Nazarin 2009 ya nuna duk ƙarin mililita 3.5 a kan kowane kilo a minti yana tafiya da raguwar mace-mace da kashi 13. Amma awonsa na ainihi sai an sa wa mutum abin rufe fuska yana gudu a kan injin har ya gaji liƙis. Agogo ba ya yin haka. Yana kwatanta saurin tafiyarka da bugun zuciyarka ne, ya yi hasashen iyakar bugun da za ka iya kaiwa, sau da yawa da lissafin 220 a cire shekaru, wanda ke iya kaucewa da bugu 10 zuwa 12 sama ko ƙasa. Idan nauyin da ka shigar tsoho ne, sakamakon ya karkace. Idan kana shan atenolol ko propranolol, waɗanda ke rage saurin zuciya, agogo zai iya ɗaukar ka ɗan wasa. Idan a zafin Afrilu kake tafiya, ko a cikin yashi, ko da kaya, zuciya za ta ƙara gudu ya rage maka maki ba tare da ƙarfinka ya ragu ba. Kuma wannan lamba ba ta san kolestarol ɗinka ba, ba ta san awon jininka ba. Mutum yana iya zama mai ƙarfi jijiyoyinsa na tsukewa.

Sauran lambobin ba darajarsu ɗaya ba. Bugun zuciya lokacin hutu shi ne ya fi aminci, musamman wanda aka ɗauka cikin barci. Tsakanin 60 da 100 ake ɗauka daidai, kuma a bibiyar jama'a duk ƙarin bugu 10 yana tafiya da ƙarin mace-mace kamar kashi 9. Abin dubawa shi ne yadda naka ke tafiya a makonni. Idan wanda ya saba 64 ya koma 75 kwana huɗu a jere, a nemi dalili: zazzaɓi, wanda ke ƙara kamar bugu 10 ga kowane digiri ɗaya, maleriya, ƙarancin jini, rashin ruwa a jiki, rashin barci, goro ko shayi mai ƙarfi da daddare. Lambar kuzarin da aka ƙona kuwa kada ka gina komai a kanta. Jami'ar Stanford ta gwada na'urori bakwai a kan mutum 60 a 2017, shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 ba, amma a ƙona kuzari wadda ta fi kyau ta kauce da kashi 27, mafi muni da 93. Barci ma haka: jimillar awanni tana da ɗan amfani, rabe-raben mai nauyi da mara nauyi hasashe ne, kuma kwanciya shiru ido biyu sau da yawa ana rubuta ta barci.

Shi kansa takun, motsin hannu agogo ke ƙirgawa. Daka, wanki, shara, da girgizar babur a hanya mai gargada duk suna ƙara taku na ƙarya. Tura baro, riƙe kaya a ka da hannu, ko tafiyar tsoho a hankali suna rage na gaskiya. Gwada naka: ƙirga taku 200 da bakinka a fili ka ga abin da ya rubuta. Idan bambancin bai wuce 10 zuwa 20 ba, ya wadatar. Kuma 10,000 na kai-komo tsakanin shago da gida ba ɗaya ba ne da minti 30 na tafiya mai sa numfashi ya ɗan hau, wadda ke kama taku 100 a minti, inda kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa.

Akwai maganar fata, kuma ta shafe mu. Agogo yana haska koren haske cikin fata ya auna abin da ya dawo, baƙar fata kuwa tana shanye koren haske fiye da fara. Binciken Stanford ya ga ƙarin kuskure ga masu duhun fata, na Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambancin a zo a gani ba. A awon oksijin na yatsa shaidar ta fi ƙarfi: a Michigan a 2020, cikin awon da na'ura ta nuna 92 zuwa 96, an samu oksijin na ainihi ƙasa da 88 a kashi 11.7 na baƙar fata, 3.6 na farar fata. Saboda haka mai fama da sarƙewar numfashi kada ya zauna a gida don agogo ya nuna 95. Ɗaura agogon ya kama fata, faɗin yatsa ɗaya ko biyu sama da ƙashin wuyan hannu, a riƙa goge gumi da ƙura a bayansa.

Abu biyu nake so ka yi hattara da su ƙwarai, don kasuwa cike take da agogo masu araha da ke iƙirarinsu. Na farko suga: a Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da agogo ko zoben da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba, don ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai allurar insulin da ya bi irin wannan lamba yana iya hallaka. Na biyu awon jini: ko na manyan kamfanoni irin Samsung sai an daidaita shi da na'urar damtse duk mako huɗu, marasa suna kuwa wasunsu lamba kawai suke fitarwa. Ɗora shi a kan tebur ko ka ɗaura wa kwalba. Idan ya ba da 120 a kan 80, ka san abin da ka saya.

Wuri ɗaya da agogo ke iya sauya makin likita da gaske shi ne gano rikicewar bugun zuciya da ake kira AF, wadda ke sa jini ya daskare a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa. A binciken Apple da Stanford na 2019 mai mutum 419,297, kashi 0.52 cikin 100 ne suka samu sanarwa, kuma cikin 450 da aka liƙa wa na'urar ECG, mai rubuta yadda zuciya ke bugawa, ta kwanaki bayan haka, kashi 34 aka tabbatar suna da ita. Sanarwa ba ganewar asibiti ba ce, sai ECG ya tabbatar. Idan ya tabbatar, QRISK3 yana da gurbinta, sannan a buɗe wani ma'aunin dabam na shanyewar ɓarin jiki: hawan jini 1, suga 1, gazawar zuciya 1, ciwon jijiyoyi 1, shekara 65 zuwa 74 maki 1, 75 zuwa sama 2, wanda ya taɓa shanyewa 2, mace 1. Namijin da ya kai 2 yawanci ana ba shi maganin tsinka jini. Rashin sanarwa kuma ba wanke kai ba ne, agogo lokaci-lokaci yake dubawa, kuma ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Ciwon ƙirji mai danna mutum, karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar harshe, asibiti ake nufa nan take ko agogo ya nuna komai lafiya.

Makin inshora shi ne wanda taku ke motsawa kai tsaye. Kamfanin Discovery na Afirka ta Kudu ya fara shirin Vitality a 1997, John Hancock na Amurka ya sanar a 2018 cewa duk sabuwar inshorar rayuwarsa za ta zo da shi. Ana tara maki da taku, da motsa jiki, da zuwa gwaji, mutum ya hau mataki ya samu rangwame. Makin ɗabi'a ne da kasuwanci, kuma saka agogo shi kaɗai bai tabbata yana gyara lafiya ba. A gwajin ma'aikata 800 a Singafo da aka wallafa a 2016, tukuicin kuɗi ya ƙara motsi, da aka janye shi aka koma gidan jiya, nauyi da awon jini ba su sauya ba. A wani gwajin Amurka na wata 24, masu na'ura sun zubar da kilo 3.5, marasa ita 5.9. Kafin ka haɗa agogonka da manhajar wani kamfani ko wurin aiki, karanta wa za a ba bayanan, da ko za ka iya janye su. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Ga mutumin yankinmu, awon jini shi ne kan gaba. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya danganta kimanin kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki da hawan jini. Don haka na'urar awon jini ta damtse ta fi agogo amfani gare ka, kuma lamba ɗaya da aka ɗauka a asibiti kana cikin fargaba tana iya ɗaga makinka. Ka yi awon gida na kwana bakwai, safe kafin magani da karin kumallo, da yamma. Ka yi fitsari, ka bar goro da shayi da taba na minti 30, ka zauna minti 5 bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da zuciya, ɗamarar a kan fata ba kan hannun riga ba, kuma ta dace da kaurin damtsenka, don ƙarama tana ƙara lamba. Awo biyu kowane zama, minti ɗaya tsakani, ba magana. Ka jefar da na ranar farko ka fitar da matsakaicin sauran. A gida 135 a kan 85 ne ke daidai da 140 a kan 90 na asibiti.

Ka auna ƙugu da tef ɗin tela, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka saki numfashi. Ana son kada ya kai rabin tsawonka. Ka nemi gwajin suga da na ƙoda idan ba a yi ba, kuma idan jininka AS ne ko SS, ko kana da ƙarancin jini, ka faɗa kafin a yi gwajin HbA1c, mai auna matsakaicin suga na watannin baya, don yana iya ba da sakamako mara daidai. Daga agogon, lamba uku za ka rubuta a takarda ka kai wa likita: matsakaicin taku na wata uku, mintunan tafiya mai sauri a mako, da bugun hutu wata-wata, tare da duk sanarwar rikicewar bugu da ranarta. Ka roƙe shi ya sake lissafin da awon gida, ya kuma gaya maka da wane ma'auni ya yi, tun da na Amurka ba a kan mutanenmu aka gina shi ba.

Game da maganin, 12 yana cikin zangon da ake tattauna statin, wato magungunan rage kitsen jini irin su atorvastatin. Duk saukar kolestarol mara kyau da ake kira LDL da milimol ɗaya a lita, wato kamar miligiram 39 a desilita, yana rage manyan cututtukan jijiyoyi da kusan kashi 22 cikin 100 na haɗarin, motsa jiki kuwa ba ya sauke LDL sosai. Da makinka 6 ne ko 7, ƙarfin jikinka zai iya zama hujjar jinkirtawa. A 12, idan awon gida ya tabbatar da lambobin, musamman idan mahaifi ko ɗan'uwa ya samu ciwon zuciya kafin shekara 55, ina ganin shawarar likitanka tana kan hanya, a haɗa ta da tafiyar da kake yi. Idan aka fara, a sake gwajin kitsen jini bayan mako 4 zuwa 12 a ga yadda ya sauka, kuma ka sanar da shi idan ciwon tsoka ya taso maimakon ka daina da kanka.